Makwancin Cizal: Yadda Nake Adana Nawa Daga Damina Zuwa Hunturu

Cizal tara gare ni, wato kurfin kafinta na sassaƙar katako. Huɗu daga cikinsu gado ne daga maigidana, Allah ya jiƙansa, kafintan da na yi wa yaron shago a Sabon Gari tun ina sakandare. Tsofaffin Marples ne, ƙirar Sheffield ta Ingila, ƙotarsu ta yi baƙi saboda zufar hannu. Sauran biyar ni na saya, ɗaya bayan ɗaya, gwargwadon abin da aljihu ya yarda. Ba da kafinta nake ci ba, aikin ofis nake yi. Amma akwai wani ɗan ɗaki jikin zaurenmu a Tudun Wadar Zariya, nan nake gyaran ƙofofi da kujerun gida, wani lokacin in haɗa wa yara teburin karatu.

Wata damina aiki ya kai ni wani gari, na yi wajen wata biyu. Kafin in tafi na tattara cizal ɗin gadon nan na zuba a leda, na ɗaure bakinta, na ajiye a ƙasa cikin sito, da nufin ɓoye su daga hannun yara. Ashe bayan tafiyata ƙanena ya jibge buhunan takin zamani a gefensu. Da na dawo cikin Satumba na kwance ledar, sai na tarar tsatsa ta rufe su jawur kamar an barbaɗa musu jar ƙasa. Uku sun gyaru. Na rabin inci kuwa tsatsar ta ci bayansa, ta yi ƙananan ramuka dab da baki, sai da na cinye kusan milimita 4 na ƙarfensa a dutse kafin in wuce wurin. Ƙarfen da Baba, wato maigidan nawa, ya shekara da shekaru yana tattali, ni na salwantar da shi a damina ɗaya. Abin ya daɗe yana ci mini rai, kuma daga nan ne na zauna na yi wa kowane cizal makwancinsa.

Kafin a zo ga katako da ƙusa, ya kamata a san me ake karewa. Kaifin cizal wuri ne da fuska biyu suka haɗu: bayansa, wanda yake a shimfiɗe sumul, da gangaren gaba, wanda ake wasawa a kusan digiri 25, wasu su ƙara ɗan siririn gangare na digiri 30 a can tsini. Idan tsatsa ta hau gangaren, da sauƙi, wasawa za ta tafi da ita. Idan ta yi rami a baya, nan ne matsalar take, domin duk ranar da wasawa ta iso ramin zai zama giɓi a baki, kuma giɓin zai riƙa barin zane a jikin katako komai iya wasawarka. Sannan ƙarfen cizal an ƙone shi ya yi tauri ƙwarai. Taurin nan ne ke sa ya riƙe kaifi, shi ne kuma ke sa ya ɓantare da zarar ya bugi ɗan'uwansa ƙarfe. Don haka akwatin kayan aikin da aka zuba cizal da guduma da magagari da ƙusoshi wuri ɗaya, duk jijjigar da ya yi a bayan babur, baki ne yake ci. Baba yakan ce mini, "Kai yaro, bakin cizal abu biyu kawai aka yarda ya taɓa, katako da iska."

Sai zaɓen wuri. A Zariya hadari daga gabas yake tasowa, bangon gabas ne ruwa ke duka, shi ya sa magina na dauri suke ba shi kulawa ta daban. Kada ka rataya kayan ƙarfe a jikinsa. Nemi bangon ciki, wanda ɗaki ne a bayansa. Ka shafa shi da tafin hannu da sassafe a watan Agusta, in ka ji sanyi mai laima ko ka ga fenti na kumbura, canza wuri. Ƙasa kuwa ba wurin ajiya ba ce sam, siminti na jawo danshi, ga gara da ba ta raina ƙotar katako. Idan rufin kwano ne babu silin, duba inda raɓa ke ɗiga da asuba ka kauce masa. Kuma kada ɗakin ya haɗa da takin zamani, ko gishiri, ko batirin mota, ko ruwan bilic. Taki da gishiri suna zuƙar ruwa daga iska, ƙurarsu in ta sauka kan ƙarfe sai ta zama ruwan gishiri. Tsatsa tana kankama ne idan laimar iska ta haura kashi 60 cikin 100, a nan kuwa tsakiyar damina takan wuce 80. Ledar da na ɗaure waccan shekarar ba ta hana laima shiga ba, hana ta fita ta yi.

Maratayin da nake amfani da shi yanzu ba ya buƙatar injin huda, ko babu wuta za ka gama haɗa shi da yammaci ɗaya, sai dai jiran gam ya bushe. Ka samu allon filawud mai tsawon santimita 60 da faɗin 30, shi ne baya. Sai sirarran katako biyu masu tsawon 60, da ƙananan gutsattsari masu kaurin santimita 1, su ne za su raba tsakanin cizal da cizal. Katakon ya zama busasshe. Sabon yanka daga wajen 'yan katako sau da yawa yana ɗauke da ruwa a cikinsa, ka rataya ƙarfe a kai ka ba shi tsatsa da hannunka. Ni ragowar wani tsohon gadon katako na yi amfani da shi, wanda ya gama bushewarsa tun tuni. Maɗaci katako ne mai kyau, amma in ya ji laima ya haɗu da ƙarfe yakan yi baƙin tabo, don haka ban sa shi inda zai shafi bakin cizal ba.

Ka kwantar da allon a kan tebur, ka jera cizal ɗinka a kai yadda kake so su zauna, ƙota a sama, baki a ƙasa, tazarar yatsu biyu tsakanin ƙota da ƙota domin hannu ya samu shiga. Kada ka auna da ido ka yanka, ka jera su tukuna, saboda faɗin ƙota ne ke cin wuri ga ƙananan, faɗin baki kuma ga manyan. Ka zana gefen kowane da fensir. A tsakanin zanen ne za ka manna gutsattsarin nan da farin gam, a layi ɗaya can sama, sannan ka ɗora siririn katako ɗaya a kansu ya rufe. Kowane cizal ya samu aljihunsa ke nan: bakin zai zura ta sama, wuyan ƙota ya tokare, ƙarfen ya rataya. Cizal na fafe ramin haɗi, wanda kafintoci ke kira motis, ya fi sauran kauri, sai ka ƙara wa nasa aljihun faɗi.

Abu biyu ne a nan ake yawan kuskurewa. Na farko ƙusa. Duk ƙusar da za ka buga ta bi ta tsakiyar gutsuren katako, kada tsininta ya leƙo cikin aljihu ko kaɗan, in ba haka ba kullum ka zura cizal sai ya gaisa da ita. Na biyu gaggawa. Farin gam da ruwa aka yi shi, in ya taɓa ƙarfe kafin ya bushe yana sa shi baƙi. Bari ya kwana biyu.

Yanzu sai rufe bakunan. Maratayin da ya bar kaifi tara a waje suna lilo haɗari ne, musamman a gidan da yara ke shiga ko'ina. Na samu wata roba mai garai-garai kamar gilashi na rufe gaban tun daga aljihun har ƙasa da bakin cizal mafi tsawo da kamar santimita 3. Filawud ma ya isa, amfanin robar kawai shi ne kana ganin bakunan. Siririn katako na biyu shi ne zai tare ƙasa, amma kada ka toshe gaba ɗaya, bar 'yar kafa wadda ƙura za ta zube iska ta wuce, yatsan yaro kuma ba zai shiga ba. Da farko ƙasan nawa a buɗe yake. Uwargida ce ta leƙo wata rana ta ce, "Malam, in auta ya taka kujera ya sa hannu ta ƙasa fa?" A ranar na gyara.

Wajen kafawa, ka sa gutsuren katako biyu a baya domin allon ya bar bango da kamar santimita 2, iska ta riƙa bi. Sukuru da fisha, wato robar da ake cusawa a ramin bango don ta riƙe sukuru, sun fi ƙusar siminti riƙo. Tsayinsa daidai kafaɗarka, kuma ka tabbata akwai fili a sama, tunda ta sama ake zare cizal, kada ka kafa shi ƙarƙashin kanta ka rasa hanyar fitar da dogon.

Jerin nawa daga hagu yake farawa, ƙarami zuwa babba: milimita 6, wato kwatan inci, sai 10, sai 12 na rabin inci, sai 19, sai 25 na inci ɗaya, sai 38. Bayansu motis biyu, sai ɗaya mai lanƙwasasshen baki kamar cokali. Na rubuta lambar kowane a saman aljihunsa. Cikin mako biyu hannu ya haddace, ba sai ka duba ba. Abin da ya fi burge ni da wannan tsari shi ne aljihun da babu kowa. Da yamma kallo ɗaya zan yi in san na 12 bai dawo ba, in neme shi tun kafin a share shi tare da ɓawon katako, ko ya kwana a tsakar gida raɓa ta same shi. Shi ya sa ba na son a yi aljihu fiye da yawan cizal. Akwai kuma wata 'yar alama da na koya a shago: wanda ya dakushe sai in zura shi a juye, gangarensa na kallon bango. Ranar wasawa ba sai na gwada su ɗaya-ɗaya ba.

Kurfin magina da na maƙera, wanda ake sarar ƙarfe ko siminti da shi, ba ya cikin wannan jeri. Wurinsa na tare da guduma.

Maratayi kaɗai ba ya hana tsatsa, sai da mai. Ka samu ƙaramin gwangwanin tumatir, ka wanke, ka danne bakinsa da guduma kada ya yanke ka. Ka yayyaga tsohuwar singileti ko atamfar auduga, ka naɗe ta tam kamar gammo, ka cusa a ciki har ta ɗan ɗago sama da bakin gwangwanin. Sai ka zuba man keken ɗinki a hankali, ya tsotse, ka ƙara, har ya jiƙe amma ba ya ɗiga. Duk cizal ɗin da ya yi aiki, ka goge ƙura da zufa da busasshen tsumma, ka ja bayansa da gabansa sau ɗaya a kan gwangwanin, ka mayar. Ba ya ɗaukar minti ɗaya. Zufa gishiri ce, a bazara in ka riƙe ƙarfe ka ajiye ba ka goge ba, kwana biyu za ka ga shatin yatsanka ya fito da tsatsa. Da hunturu ka kifa wa gwangwanin wani babba, in ba haka ba ƙura za ta mayar da shi samfefa.

Na san da yawa man gyaɗa ko manja suke shafawa, saboda shi ne a kusa. Yana tsare tsatsa na 'yan kwanaki, daga baya ya yi danƙo, ya yi wari, ya kira kiyashi da kyankyasai. Baƙin man inji kuwa ba na kusantarsa da cizal, domin yana shiga jikin katako ya bar tabon da fenti ba ya rufewa da kyau. Idan ajiyar za ta daɗe, basilin ya fi, ko kakin zuma da aka narkar da ɗan man keke, a shafa da kauri. Sai dai ka tuna ka goge kafin ka sa shi a katakon da za a yi wa banish.

Hunturu kuma ta wajen ƙota yake zuwa. Daga Disamba zuwa Fabrairu laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 da rana, katako ya tsuke. Zoben ƙarfen da ke wuyan ƙota sai ya fara juyawa. Cizal iri biyu ne: akwai wanda wutsiyar ƙarfen ke shiga cikin ƙota, akwai wanda ƙotar ce ke shiga cikin ramin ƙarfen. Na biyun nan shi ne abin tsoro a wannan lokaci, kana ɗaga shi ta ƙota sai ƙarfen ya suɓuce, mu kuma galibi da silifas muke aiki. Saboda haka da iskar hunturu ta fara kaɗawa nakan bi su ɗaya-ɗaya in girgiza. Wanda ya yi sako-sako sai in riƙe ƙarfen in buga gindin ƙotar a kan tebur sau biyu ko uku. In bai kama ba, in naɗa wa ƙotar siririn ɓawon katako ko takarda in mayar. Kada ka jiƙa ta a ruwa don ta kumbura. Za ta kama yau, jibi ta saki fiye da da, ga ruwan da ka shigar cikin ƙarfe. Ɗan kakin zuma a jikin ƙota yana rage tsagewa. Kuma kada rana ta riƙa dukan maratayin ta taga, ko ƙotar roba ce rana na gajiyar da ita.

Mai durowa zai iya amfani da ita, muddin ya raba ta da sirarran katako kowane cizal ya kwanta a layinsa, ya kuma sa katako mai laushi ta wajen bakunan saboda gaba da baya da suke yi in an ja. Ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi suna taimakawa a rufaffiyar durowa, amma suna ƙoshi, sai an riƙa busar da su. Maganaɗisu kuma, irin wanda ake cirowa daga tsohuwar lasifika, ban ba da shawararsa ba. Yana sa ƙarfen ya riƙa jan garin ƙarfe, ranar wasawa duk ya manne a baki, kuma babban cizal na iya zamewa ya faɗo.

Idan aiki ya kira ni waje, kamar gyaran ƙofa a gidan yayata da ke Samaru, ba na ɗaukar duka, uku sun isa. Na ba tela ƙafar tsohon wandon jins ya ɗinka mini aljihuna da murfi, in naɗe in ɗaure. Bakin cizal yana yanke ɗinki, don haka kowane da hularsa: gutsuren tsohon silifas da na tsaga da wuƙa, ko ɗan yankin tiyo. Wasu sun fi son jakar fata, kuma ba shakka ta fi kyau a ido. Amma fatar da aka jeme da bagaruwa, in ta ji laima ta haɗu da ƙarfe, baƙi take yi, ƙarfen ma ya yi tabo. Da wannan haɗin ne ma dukawa ke samun baƙin rininsu. Fata ko jins ko hular roba, duk na tafiya ne. Da na dawo gida nake zare su in shafa mai su koma maratayi, ba sa kwana a naɗe da damina.

A kan tebur ma akwai ladabin ajiyewa. Gangaren ya kalli ƙasa, ta haka tsinin ba ya taɓa komai. Bakin ya kalli bango, kada ya leƙo gefen tebur. Ƙota mai zagaye tana gangarawa, sai na ɗan fere gefe ɗaya na waɗanda na saya, na gadon kuwa ban taɓa su ba, wani ɗan faranti na katako na yi musu. A ƙasan inda nake tsayawa na shimfiɗa tsohon kafet, domin faɗuwa ɗaya a kan siminti na iya jawo maka wasawar rabin yini. In cizal ya suɓuce, janye ƙafa, kada ka kai hannu.

Sai maganar aro, wadda a unguwa ba a kauce mata. Maƙwabci zai aiko yaro, "Wai in ji Baba a ba shi cizal." Ba ka san ko gwangwanin fenti za a buɗe ba, ko siminti za a kankare a jikin tayil. Hanawa ba daɗi, bayarwa kuma asara. Sai na sayi na goma, mai araha, na shafa wa ƙotarsa jan fenti, na rataya shi a ƙusa kusa da ƙofa, nesa da sauran. Ba na lissafa shi cikin taran. Shi ne na aro, shi ne kuma na duk aikin da ake zargin akwai ɓoyayyiyar ƙusa a katako. Ɗan yayata da ke zuwa koyo ran Asabar ya taɓa tambayata, "Kawu, ni wanne zan ɗauka?" Da jan ya fara. Sai da ya iya wasa shi har yana aske gashin hannu, sannan na bar shi ya zari na 19.

Idan ka riga ka makara tsatsa ta hau, kada ka ruga wajen mai injin wasa wuƙa. Zafin injin in ya sa bakin ya yi shuɗi, taurin wurin ya tafi, sai an cinye shi duka. Ka samu gilashi ko tayil mai santsi, ka shimfiɗa samfefa mai lamba 400 wadda ba ta tsoron ruwa, ka ɗiga kananzir, ka kwantar da bayan cizal ɗin daram kana gogawa, kada ka ɗaga ƙota ko kaɗan. In jan ya tafi ka koma lamba 600, sannan dutse.

Yanzu in tafiya ta kama ni da damina, daren da zan tashi nakan shafe su da basilin har wuya, in mayar da kowane aljihunsa, in bar 'yar tagar sama a buɗe kaɗan, in kulle ɗakin in ba uwargida makulli. Takin ƙanena kuma yana can ɗakin baya, kusa da turken awaki.